Na Ɗaure Kaya, Gimbiya

Tana cikin shanya wanki aka bugo mata waya: mota ta kaɗe mijinta, mai hoto, a hanyarsa ta zuwa shago. Kafin ta isa asibiti an riga an rufe masa fuska.

Da ta samu ƙarfin fita, shagon ta fara zuwa, kuma ba don hotuna ba. Marigayin ya taɓa rubuta wa kwamfutarsa wani ɗan umarni. Da yamma in an danna shi, sai ya tattara hotunan ranar, ya matse su cikin ƙunshi guda, ya adana. In ya gama, sai muryar da mijin ya naɗa ta fito: "Na ɗaure kaya, Gimbiya, mu tafi gida." Gimbiya yake ce mata. A da tsiya take masa, wai ƙaton mutum da wasan yara.

Ta danna. Jan rubutu mai nuna matsala ya fito, babu murya. Ta sake dannawa, haka. Sai ta ji kamar yau aka yi rasuwar.

Ta kira babbar 'yarsu, wadda ta san kan kwamfuta.

"Zo ki gani, 'yar nan. Ko ni na ɓata shi da hannun nan nawa?"

'Yar ta zauna a kujerar uban, ta buɗe umarnin tana bin sa layi-layi. Ta duba ko wurin ajiya ya cika, bai cika ba. Can ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Mama, lafiyarsa ƙalau. Baba ne da taurin kansa. Ya rubuta cewa in babu hoto ko ɗaya a ranar, kada a ɗaure komai. Tun da ya tafi kuwa ba a ɗauki hoto ba."

"Ko a gida haka yake, ba ya shigowa hannu wofi."

"Bari in ciro miki muryar, in sa a wayarki, ki ji duk lokacin da kike so."

Ta girgiza kai. "A'a. Bai taɓa kirana ba sai ya gama aikinsa. Ki dai koya mini kyamarar."

Har yau, kullum da yamma takan buɗe shagon, ta ɗauki kujerarsa hoto, sau da yawa a karkace. Ta sa a kwamfuta, ta danna, ta jira.

"Na ɗaure kaya, Gimbiya, mu tafi gida."

"To, ga ni nan," takan ce, ta ɗauki makulli.