Littafin Masu Ciwon Barci

"Ba zan jefa shi a wuta ba," na ce.

Likita Garniye, Baturen asibitinmu, ya tsaya da kwali a hannu yana kallona, kamar yau ya fara jin muryata. Tun safe wuta ke ci a bayan asibitinmu na Kondedu, an zuba mata takardu da tsofaffin barguna, har da allon da muke gwada ido. Kwana goma sha ɗaya ke nan da muka jefa ƙuri'ar "A'a", muka ce wa Faransa mun gode, Gini za ta riƙe kanta. Su kuma suka ce to madalla, amma abin da suka zo da shi za su koma da shi. Abin da mota ba za ta ɗauka ba, wuta ce za ta ci.

"Finda, umarni ne daga sama. Ba ni na rubuta shi ba."

"To wanda ya rubuta ya zo ya karɓa da kansa."

Littafin masu ciwon barci ne na rungume. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu ke ciki, yawancinsu ni na rubuta su da hannuna a shekara uku da na yi ina aiki bayan na gama makaranta. Kowane shafi da sunan mutum, da ƙauyensa, da yawan allurar da aka yi masa. Allurar nan tana warkarwa, amma akwai waɗanda take taɓa wa ido. Da zarar mutum ya ce yana ganin hayaƙi-hayaƙi, sai mu ja jan layi a shafinsa, kada a sake yi masa ita har abada, don in an ƙara ya makance.

"Maganin yana cikin mota," in ji Garniye. "Madubin duba jini ma yana can. Littafi babu magani, me zai yi miki?"

Na ƙara ƙanƙame shi. Ya duba agogonsa, ya ce shi dai bai ga komai ba, ya juya ya ci gaba da kwance ƙofar ɗakin allura.

Na ɗoro littafin a ka zuwa gida ina tafiya ina jin kaina. Na ɗauka za a yi mini guɗa.

Ranar kasuwa Tamba Leno ya zo gidanmu. Shi ne sakataren jam'iyya a garinmu, kuma shi ne wanda iyayensa suka kawo goron neman aurena tun kafin a yanke shinkafa. Ya gaida Baba, ya ƙi zama.

"Madam Likita, an ce kin ƙwace wa Bature kaya. Kin yi ƙoƙari. Kawo shi, da yamma za mu hura wuta a bakin kasuwa. Takardun haraji, takardun aikin tilas, duk za su shiga. Naki ne zai zama na sama."

Na yi dariya, don na zaci zolaya ce.

"Tamba, jiya-jiya na hana Bature ƙone shi."

"Shi don mugunta zai ƙone. Mu don 'yanci."

"Tokar fa, da bambanci?"

"Kin ga matsalarku ke nan, 'yan makaranta. Baki kamar reza." Ya juya ga Baba. "Baba, ka yi mata magana."

Goggo Yawa, yayar Baba, ita ce ta taso daga bakin murhu inda take yanka ganyen rogo, wuƙar na hannunta.

"Ke 'yar nan, ina cikin littafin nan?"

"Kina ciki, Goggo. Shafi na arba'in da ɗaya."

"Fitar da ni."

"Goggo, akwai jan layi a..."

"Na ce ki fitar da ni! Ran da aka fara rubuta gidanmu, aka tafi da mijina aikin hanya, ko ƙashinsa ban gani ba. Ran da aka rubuta ni, aka shafa wuyana aka ce kaluluwa, wai alamar ciwon barci, aka kulle ni a zangon marasa lafiya damina biyu, gonata ta koma daji. Ki nuna mini mutum ɗaya da Bature ya rubuta ya bar shi a gida."

Gaskiya ta faɗa. Ni ma na tsaya a bayan masu shafa wuyan nan da alƙalami a hannu, ina ji ana kuka ina rubutu. Ni ce kuma na bi gida-gida ina ce wa mata su jefa "A'a". To yanzu ni ta wane ɓangare ce? Har na kai hannu zan miƙa littafin, sai jan layin nan ya faɗo mini a rai. Na mayar da hannuna.

"Ba zan bayar ba."

Kafin yamma na naɗe shi da ganyen ayaba, na sa a tukunya, na kai shi kurmin mata. Namiji ba ya taka wurin nan, ko Bature da bindigarsa bai taɓa gwadawa ba. Tamba ya biyo ni da 'yan kwamitinsa, suka ci birki a bakin rafi suna ta ihu.

"Finda! Da sunan jama'a, ki fito da shi!"

"Jama'a ta shigo ta ɗauka mana!"

Suka tura matansu. Matan suka zo, suka kewaye tukunyar, babu wadda ta yarda ta taɓa. Wai sunayen matattu na ciki. Suka koma suka ce ba su gani ba.

Sau huɗu kwamiti na kirana. A zama na biyu aka ba ni takardar kora daga aiki, daga asibitin da ba shi da magani, ba shi da likita, ko ƙofa babu. Wasu suka ce Garniye ne ya bar mini ajiya, don ranar da Faransa za ta dawo ta san waɗanda za ta kama. Wasu suka ce a'a, ni na sace wa Garniye, kuma ni zan jawo mana fushin Faransa. Akwai tsohon da ya faɗi duka biyun a zama ɗaya, aka tafa masa. In na je rafi sai mata su matsa sama. Ranar da ake sussukar shinkafarmu babu wanda ya zo taya mu, ni da Baba muka yi ta kwana shida. Bayan nan iyayen Tamba suka aiko cewa a manta da maganar goro.

Duk bayan kwana uku nake zuwa kurmi. In sauya ganye, in zuba sabuwar toka saboda gara, in shanya littafin a kan dutse idan rana ta fito. Duk da haka sai da gara ta ci gefen shafi ashirin. Waɗanda allurarsu ta yanke ciwon ya fara dawo musu. Na ga mutum yana barci da lomar shinkafa a baki. In an yi rasuwa, sai in je in sa alama da fensir. Da na kai alama ta talatin na zauna a kan dutsen nan ina tambayar kaina ko me nake gadi. Maganar Garniye ta yi ta dawo mini. Ba wanda littafin ya warkar. Wata rana har na tafi da ashana a ƙugu. Na buɗe shafin Goggo, na karanta, na rufe, na dawo da ashanata.

Wata na tara da tafiyar Garniye, tsakiyar damina, wata mota ta kawo wani malamin asibiti daga babban birni, Sekuba Kuruma, da akwati biyu na magani. Shi kaɗai ne, ba ya jin yarenmu, ba shi da madubin duba jini. Tamba ya sa aka yi shela cewa maganin 'yanci ya iso, duk mai ciwo ya zo a yi masa allura. Mutanen da a da sai an ɗaure su, yau su ne ke turereniya a ƙarƙashin mangwaron kasuwa. Goggo, da ita ma ciwon ya dawo mata, ita ce ta uku a layi.

Na ruga kurmi, na dawo ina haki, toka har a gashina. Na iso Sekuba ya riga ya kama hannunta.

"Malam, dakata! Wace allura ce?"

Ya faɗi sunanta. Ita ce dai. Na buɗe masa shafi na arba'in da ɗaya.

Ya ajiye allurar. Ya karɓi littafin ya yi ta juya shafi, mutane na gunaguni, shi ko ɗago kai bai yi ba. Sannan ya ce in kira masa masu jan layi. Mutum goma sha ɗaya muka fitar daga layin.

"Wa ya ajiye wannan?" ya tambaya.

Tamba ya gyara tsayuwa ya ce, "Jam'iyya ce ta adana shi."

Goggo kuwa ta tsaya gefe tana riƙe da ƙugu.

"Kun ga abin da nake faɗa? Da an rubuta ni, aka yi mini allura dole. Yau an rubuta ni, an hana ni allura. Finda, me na yi miki ne?"

Washegari Sekuba ya fara musu magani daga ɗaya akwatin. Goggo ta samu sauƙi. Har yau ita ke tsince tsakuwa a shinkafa, kuma tana hango ni tun daga bakin rafi ta kau da kai.

Sekuba ya nemi a mayar da ni aiki. Aka ce masa ba zai yiwu ba, akwai takardar korata a ofishin jam'iyya. Ita wannan babu wanda ya ce a ƙone ta. Littafin yana asibiti yanzu, wata yarinya ce ke rubutu a ciki, in ta kasa karanta inda gara ta ci sai ta aiko a tambaye ni a gona.

Mutum goma sha ɗaya suna gani da idonsu. Ni kuma na rasa aikina, na rasa auren da aka sa mini, Baba ya daina zama cikin dattawa, kuma Goggon da na yi dominta shekara biyu ke nan ba ta amsa gaisuwata.