Cajar da Ta Mutu

Ta dire cajar a kan teburin mai gyaran waya, tana jijjiga jaririn da ke bayanta.

"Malam, wannan ce kuka ce mai kyau? Ko wata uku ba ta yi ba. Ta maƙwabciyata da ta saya a bakin titi shekararta guda, ko tari ba ta taɓa yi ba. Ga ta na aro, irinta nake so."

"Sannu, maman yaro. Yaya aka yi ta mutu?"

"Jiya da rana aka kawo wuta da ƙarfi, har ƙwan ɗaki ya fashe. Ina shigowa na tarar da Sarkin Cizon nan da nake goye da shi da bakin wayar cajar a bakinsa. Haƙora yake fitarwa, har takalmin babansa bai bari ba."

Mai gyaran bai yi dariya ba. Ya ɓare cajar a hankali, ya miƙo mata gilashin da yake duba ƙananan abubuwa da shi.

Ta sunkuya. Ashe gari guda ne a ciki: tituna na jan ƙarfe, gidaje ƙanana, ga fili fetal ya raba garin biyu.

"Nan wutar bango take, can kuma bakin ɗanki. Wannan filin ne ya hana su haɗuwa." Ya nuna wani abu kamar ƙwayar shinkafa, ya yi baƙi ƙirin. "Wannan kuma mai gadi ne. In wuta ta fi ƙarfi, sai ya ƙone kansa ya datse hanya."

Sannan ya buɗe ta maƙwabciyar. Babu mai gadi, filin kuwa bai kai kaurin gashi ba.

"Shi ya sa ba ta mutuwa," in ji shi.

Ta zauna a benci. Ta kwance goyon, ta buɗe ɗan bakin nan ta duba. Haƙora biyu, harshe ja, sai yawu.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Wani can da bai san mu ba ya zauna ya sa wannan?"

"Wace zan ba ki?"

Ta karɓi ƙonanniyar ƙwayar, ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Ba ni mai mutuwar. Guda biyu, maƙwabciyata ma goyo gare ta."