Ƙofa Biyu, Majinyaci Ɗaya

Likita Anila ta ɗaga kwalbar sama yadda duk wanda ke kan benci zai gani. Baƙin tsimi ne a ciki. Daga jakar wata tsohuwa ta faɗo, ta gangara har gindin tebur, ita kuwa mai jakar ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da kayan sata.

"Inna, idan wannan kike sha, me ya kawo ki wurina? Ga ƙofar mai maganin gargajiya can, ai ba nisa."

Aka yi 'yar dariya a kan benci, irin dariyar mutanen da kowannensu ya san abin da ke cikin tasa jakar. Ponnamma ba ta yi ba. Ƙara danne jakarta ta yi a hammata, domin irin kwalbar nan ce sak a ciki, ta mijinta Sukumaran, wanda ke zaune kusa da ita yana gyangyaɗi.

Asibitin ƙauyenmu na jihar Kerala ƙofa biyu gare shi. Shekarun baya hukuma ta ce za ta haɗa maganin gargajiya na Ayurbeda da na zamani a rufi ɗaya, aka yi biki, aka kunna fitila, aka fasa kwakwa. Aka ba likita ɗakin dama, aka ba Baidiya Nanu na hagu, shi da ya gaji magani tun kakanni ya kuma je ya yi karatunsa. To, rufin dai ya haɗu. Waɗanda ke ƙarƙashinsa kuwa ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su. Ita tana ganinsa mai jiƙa itace, shi yana ganinta yarinyar jiya da ta haddace sunan ƙwayoyi. Kuma don Allah kada a ce likita muguwa ce. A farkon zuwanta wata jaririya ta mutu a hannunta saboda garin magani da wani ɗan damfara ya sayar wa uwar a kasuwa, tun daga ranar duk kwalbar da ba ta kamfani ba take jin haushinta. Sai dai faɗanta bai sa kowa ya daina sha ba. Ɓoyewa kawai aka koya.

Da layi ya zo kansu, likita ta auna jinin Sukumaran ta ce sukarinsa ya ƙi sauka, za ta ƙara masa ƙarfin ƙwaya. Sannan ta dubi Ponnamma ta tambaye ta ko yana shan wani abu bayan nata. Ponnamma ta tuna fuskar tsohuwar nan. Ta ce babu.

"Zaƙi kuma, Baba, ko a mafarki," in ji likita.

"'Yata, ai a mafarkin ma matar nan tana tsaye a kaina."

Har likita sai da ta murmusa. Haka yake, tsohon mai fito, shekara da shekaru yana ƙetarar da mutane a kwalekwale yana ba su dariya. Ponnamma ba ta da kowa a gidan sai shi, tunda 'yarsu ɗaya, Sindu, tana can aure a birni mai nisa. Duk abin da take yi, har ƙaryar nan, don ta riƙe shi ne.

* * *

Sai watan Karkidakam ya kama, watan da ruwa ba ya ɗaukewa, lokacin da kowane gida ke gyaran jiki. A rage abinci, a sha kunun magani, a shafa mai. Ponnamma ta zaɓi ranar da likita ta fita riga-kafi ta kai mijinta ƙofar hagu.

Baidiya Nanu ya riƙe wuyan hannun Sukumaran ya lumshe ido, ya daɗe a haka. Mahaifinsa ne ya ɗora ƙafar Sukumaran da ta karye yana saurayi, shi kuma da kansa ya tayar da Ponnamma daga jinyar haihuwa lokacin da har an fara yi mata kuka. Mutumin da ya yi maka wannan ba ka duban idonsa ka ce ka raba amana biyu. Da ya buɗe ido ya tambaya, a hankali, ko har yanzu ana shan ƙwayar ɗakin can, sai ta ji bakinta ya riga ta.

"Mun daina, Baidiya."

Ta ga daɗin da ya ji, har ta ji kunya. Ya ce tunda tsimin shi kaɗai ke aiki, zai ƙara masa ɗaci da ƙarfi. Ya kafa dokokin watan: kunun magani safe da yamma, ban da kifi, ban da cika ciki, zaƙi kuwa kada ma ya shiga gidan.

A hanyar gida hankalinta kwance yake. A ganinta magani biyu kamar mutum biyu ne a kwalekwale, kowa da filafilinsa, ai sai dai a yi saurin isa. Kuma ga abu ɗaya da masanan biyu suka yarda a kai ba tare da sun haɗa baki ba, wato zaƙi. Wannan dokar ta riƙe ta da hannu bibbiyu. Da safe ƙwaya, bayanta tsimi, sai kunu rabin kwano. Sukumaran yana tsokanarta cewa sojan da ya fi ta tsanani bai taɓa hawa jirginsa ba, amma yana sha.

* * *

Wata rana da azahar ya fita cikin ruwa ya ƙara ɗaure kwalekwale, ya dawo ya zauna a bakin ƙofa. Ta kawo masa tawul ta tarar ba ruwan sama kaɗai ke jikinsa ba. Gumi ne ke tsattsafo masa duk da sanyin garin, hannunsa yana rawa, idonsa yana kallon wurin da babu kowa. Ya ce mata yunwa yake ji, irin wadda bai taɓa ji ba. Sannan ya nuna gwangwanin da ke kan kantar bango, inda ta ajiye mazarƙwailar bikin Onam mai zuwa.

"Ponnu, ɗan gutsuro min. Kaɗan."

"Baban Sindu, ka san an hana."

"Kaɗan kawai. Jikina ne ke nema."

"Ciwon ne ke nema, ba kai ba. So kake ka tafi ka bar ni?"

Ya yunƙura zai tashi, ta riga shi, ta ɗauke gwangwanin ta kai ɗaki ta kulle. Ya zage ta, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu, zagin ma a karkace yake fita kamar na mashayi. Hawaye ya zubo mata, amma ba ta buɗe ɗakin ba. Ta tabbata sukarin ne ya hau, tunda duk zuwan da suka yi ba ta taɓa jin an ce yana iya faɗuwa ba. Kullum maganar hawa ake yi. Sai ta zuba tsimi a kofi, ta tallafo kansa ta ba shi, tana lallashinsa kamar yaro. Ya sha. Ya kwanta a tabarma ya yi shiru, ta lulluɓe shi, ta gode wa Ubangiji da maganin ya kama.

Maƙwabciyarta Mariyamma ce ta shigo aron wuta can da la'asar, ta ji irin minsharin da yake yi, ta girgiza shi bai motsa ba. Ruwa ya shanye hanya, jirgi mai inji ya daɗe bai zo ba, babban asibitin kuma yana can gari. Da ƙyar aka kai shi. A can wani likita da ba ta sani ba ya fito ya sami Ponnamma a baranda. Bai yi mata faɗa ba, kuma da ma ya yi. Ya ce sukarin ba hawa ya yi ba, faɗuwa ya yi ƙasa warwas, ya kuma daɗe a haka har ƙwaƙwalwa ta taɓu. Ya tambaya ko bai nemi wani abu mai zaƙi ba kafin ya kwanta, domin da an sa masa ko ɗan gutsure a baki, da ya tashi ya ci gaba da harkarsa.

Ponnamma ta zauna a ƙasa, a wurin da take tsaye.

* * *

Sukumaran bai mutu ba. An dawo da shi gida da rai, yana zaune inda aka zaunar da shi, yana haɗiye abin da aka sa masa a baki. Sindu ta zo ta yi kukanta ta koma wurin 'ya'yanta. Wani ya karɓi fiton.

Bayan ruwa ya ja baya, Likita Anila da Baidiya Nanu suka zo duba shi rana ɗaya. Ba shiri suka yi ba, kwalekwalen ne ɗaya. Kowannensu ya duba shi ta hanyarsa, kowannensu kuma ya juyo ya tambayi Ponnamma dalilin da ya sa ba ta faɗa ba. Amsar tana bakinta. Ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ga ba ta san ta inda ake fara gaya wa manya laifinsu ba, sai ta ce ƙaddara ce.

Suka fita baranda suka tsaya jiran yayyafi ya tsagaita, ita tana jin su daga bayan ƙofa. Likita ta faɗi sunan ƙwayarta, Baidiya ya lissafa itatuwan tsiminsa da dokar abincin watan. Kafin ruwan shayi ya tafasa sun gano komai. Ita ta ce da ta sani da ta rage ƙwaya. Shi ya ce da ya sani da bai ƙara ɗaci ba. Maganar da bango ɗaya ya hana shekara da shekaru, ashe ba ta fi haka tsawo ba. Ponnamma ta saurara ko ɗayansu zai ce wani abu game da bangon. Sai ta ji likita ta yi ajiyar zuciya ta ce matsalar mutanen nan ba sa faɗin gaskiya, Baidiya ya ce wallahi haka ne, ya sha fama da su. Laimarsa ce babba, don haka a ƙarƙashinta suka gangara bakin ruwa tare.

Ta daɗe tana kallon bayansu. Baƙin cikin da ke ranta ya wuce na kuka. Ta shiga ɗaki ta buɗe gwangwanin, ta gutsuro mazarƙwaila babba, ta durƙusa a gabansa.

"Baban Sindu, ga shi. Ci duka, akwai saura."

Ta sa masa a baki. Ya riƙe ta a kan harshe, yana kallon fuskarta kamar yana neman inda ya san ta. Sannan ya turo mazarƙwailar waje a hankali, ta gangaro kan haɓarsa ta faɗa a cinyarsa. Leɓensa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"An hana," in ji shi.