Allurar da Ba a Yi Mini Ba

Shekara ashirin da biyu ban yi magana da yayata ba. Ranar da aka ce tana asibiti ana neman jini, na je ne don kar a ce ban je ba. Ni mace ce mai riƙo, ba na musu.

Ɗakin ɗibar jinin ƙarami ne: gado ɗaya, sikeli, da fanka mai kuka. Nas ɗin ta auna ni, ta tambayi shekaruna da magungunan da nake sha, sannan ta tsira mini allura a yatsa. Ta ɗiga jinin wuri uku a kan farin faranti, tana gaurayawa da tsinke.

"Mama, rukunin jininki O ne, kuma negatif. Irinku ba ku da yawa. Haihuwarki nawa?"

"Biyar," na ce. "Ɗaya ce a raye, ta farin."

Ta ajiye tsinken. "Sauran idonsu ya yi ruwan ɗorawa?"

Ban taɓa gaya wa baƙo wannan ba. Biyu sun zo rawaya kamar an shafa musu kurkur, ba su kai kwana biyar ba. Biyu ko kuka ba su yi ba. Har yau in ina ɗinki keken ya tsaya, nakan ji kamar ana numfashi a bayana, in kasa juyawa.

Ta yi mini bayani a hankali. In jinin uwa negatif ne, na ɗa fozitif, a haihuwar farko jikinta yakan ɗauki jinin ɗan a matsayin baƙo. Cikin da ya biyo baya sai jikin nata ya yaƙe shi. Akwai allurar da ake yi cikin kwana uku da haihuwa, ta hana hakan.

Allura ɗaya! Ni kuwa bayan na rasa na huɗun, wurin wani mai duba aka kai ni, ya zana ƙasa ya ce wadda muka sha nono ɗaya ce ke cinye mini 'ya'ya. Mu biyu kacal uwarmu ta haifa. A gaban mutane na kira Yaya mayya, ta ɗauki mayafinta ta fita.

"Ki ɗiba," na ce da nas ɗin, na miƙa hannu. "Leda biyu ma."

"Irin naki ya dace da ita, amma jininki ya yi ƙasa, Mama. In na ɗiba ke za a kwantar."

Na roƙa har da hawaye, ta ƙi. Haka na hau bene hannu rabbana.

Yaya na gadon ƙarshe kusa da taga, ta rame har na kusa wuce ta. 'Yarta na zaune da jaririya a cinya. Na durƙusa a bakin gadon.

"Yaya, ba ke ba ce. Jinina ne. Yanzu aka gaya mini."

Ta juyo ta kalle ni. "Kin tabbata, Auta?"

"Na tabbata."

"Ai tun ranar ban sake taɓa jaririn kowa ba," ta ce. "Na ce wa ya sani, ko ina yi ban sani ba."

Ta juya ga 'yarta, ta buɗe hannuwa. "Miƙo mini ita in ji nauyinta."