Kujerar Gaba a Motar Baba Sito

Mu huɗu muke tafiya aiki a motar Baba Sito, mai kula da siton masana'antarmu: shi, da ni, da Akawu, da wata mai ɗinki da muke kira Anti Zare. Masana'antar tana can bayan gari, sai ka canja bas kafin ka kai, ka isa a makare kuma a wujijjige. Ni aka bar wa kujerar gaba saboda cikin da nake ɗauke da shi, don in na zauna a baya amai nake yi.

A kujerar nan na gano abin. Wata safiya ya nufi wani ƙaton rami kai tsaye, na ce, "Baba, rami!" Ya kauce, ya ce, "Na gani, 'yata." Wallahi bai gani ba. Idonsa ne ke mutuwa, ya ƙi faɗa wa kowa.

Daga ranar na zama idonsa, amma a fakaice, don kada in kunyata dattijo. Sai in ce, "Kai, dubi mai keken nan na hagunmu, ko tsoro ba ya ji." Ko in ce, "Wannan danja ta cika daɗewa a ja." Shi kuma ya taka birki yana cewa, "Ai kuwa." Kowa a motar ya gane, kowa ya yi gum.

Akawu ne ya fara zamewa, wai kujerar na sa masa ciwon baya. Mutumin da ke wuni a kan benci! Anti Zare ta biyo, wai ƙanin mijinta zai riƙa sauke ta. Matsorata, ko sallamar kirki ba su yi masa ba. Na ji haushinsu, kuma na yi musu hassada.

Aka bar ni da shi. 'Yan watanni suka rage masa ya yi ritaya, kuma in manaja ya ji cewa mai sito ba ya ganin rubutun kwali, sallama ce kawai. Baba ya sani, na sani.

Rannan jiri ya ɗebe ni a hanya, na ɗan rufe ido. Ina buɗewa sai ga mace da goyo tana tsallaka titi a gabanmu. Na kurma ihu. Ya danna birki, bel ɗin kujera ya shaƙe mini ciki, matar ta tsira da ƙyar tana zaginmu. Daga nan ɗan cikina ya yi tsit. Muna isa wurin aiki na shige banɗakin ma'aikata ina danna cikin, ina kuka, ina roƙon Allah. Sai bayan azahar ya motsa.

Da aka tashi aiki na same shi a jikin motar. Na ce, "Baba, na gama. Ba zan ƙara shiga ba."

Ya riƙe ƙofar da hannu biyu. "'Yata, ki rufa mini asiri. Kaɗan ya rage. Zan riƙa tafiya a hankali."

"To in ban shiga ba, za ka ajiye motar?"

"In na ajiye, tambaya za a fara."

Wato shi kaɗai zai hau titi. Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni. Ban wuce gida ba, tasi na tara na nufi gidansa, na riga shi isa. Na tarar da Mama, matarsa, tana ninke kaya a falo, na zayyana mata komai. Ta zauna a hannun kujera. Sannan ta ce, "Na gode. Mukullin motar zai kwana a wurina."

Washegari na gan shi a tashar bas, da jakarsa a hammata. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Bas ya taho, ya ƙanƙance ido yana leƙen lambar, bai gane ba. Ina tsaye dab da shi, har na buɗe baki. Sai ya juya mini baya, ya taɓa kafaɗar wani baƙo, ya ce, "Bawan Allah, don Allah wannan lamba nawa ce?"