Kawu Yunis Yana Cin Abinci

Mu a gidanmu mun san yaƙe-yaƙen Japan tun kafin mu san hanyar Malumfashi. Babana, Malam Levi, shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da tarihi a sakandare, kuma duk tarihin duniya babu wanda ya shiga ransa kamar na samurai, mayaƙan nan na Japan masu dogayen takubba. Wani tsohon littafi ne ya saya a Zariya wajen masu baza littattafai a ƙasa, bangon ya fita har sai da ya ɗaure shi da roba. Da ya yi ritaya ya rasa ɗalibai sai ya dawo kanmu. Kina cin tuwo ana ba ki labarin yadda wannan gida ya rantse wa wancan amana da damina, kaka na yi ya je ya ƙone musu gari.

Akwai guda ɗaya da ya fi maimaitawa, har na haddace. Wani babban yaƙi ne da aka yi shekara ɗari huɗu da wani abu, tsakanin rundunar gabas da ta yamma. Wani babban gida ya yi wa 'yan yamma alkawari, ya zo da mayaƙa dubbai, ya hau da su kan dutse ya zauna. Ana ta kashe-kashe a ƙasa, aka aika musu su sauko, shugabansu ya ce a yi haƙuri, mutanensa suna cin abinci. Har aka gama yaƙin ba su gama cin abincin nan ba. Can wani gefe kuma, wani da aka fito tare da shi ya juya da tsakar rana ya afka wa nasa. In Baba ya kawo nan sai ya tofar da yawu ya ce mutanen banza ne. Ni ma ina ƙarama ina tofarwa tare da shi.

To, gonarmu ta fadama tana can bayan Gozaki, a ƙauyenmu. A ƙasanta akwai bishiyar mangwaro goma sha ɗaya, duk mahaifiyata Rahab ce ta dasa su. Da rani a ka take ɗauko ruwa daga rafi tana ba su ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye da ita da ɗan bokiti. Shekara shida ke nan da rasuwarta, kuma ban da mangwaron nan babu abin da ta bari wanda zan iya taɓawa da hannuna.

Alhaji Mahadi dillalin hatsi ne a kasuwar Dandume, ya sayi gonar da ke ƙasa da tamu. Bara taraktarsa ta bi ta tumɓuke layin gambar da ke raba mu, wai kuskure ne. Bana ya ce ai iyakar tana sama da mangwaro, ba ƙasa ba.

A ƙauyenmu babu mai takardar gona. In an yi rigimar iyaka mai unguwa ne yake sa rana, kowane ɓangare ya kawo maƙwabcin gona wanda ya san wurin tun da. Shaida zai taka ya je ya sa ƙafarsa inda ya san iyaka take, a nan za a kafa turke. Wanda bai kawo kowa ba ya sha ƙasa, kuma mai unguwa ba ya jiran kowa ya wuce kiran azahar. Kowa ya san haka, shi ya sa tun lokacin da Alhaji ya fara sayen gonaki, gida uku suka zauna a gindin tsamiya suka ci goro kan cewa duk wanda aka taɓa sauran biyun za su taka masa iyaka. Akwai mu, akwai Kawu Yunis ƙanen mahaifiyata, akwai Malam Maitama, maƙwabcinmu da muke cin naman layyarsa da babbar sallah, yake cin shinkafarmu da Kirsimeti. Shawarar Baba ce, har jawabi ya yi musu a kan Japan.

Gonar Malam Maitama aka fara taɓawa, shekara uku da suka wuce, ya rasa rabinta. Ni ina Funtua a shagon taki da maganin feshi inda nake aiki. Aka gaya mini ranar Baba ya tafi wajen tantance 'yan fansho, Kawu kuma ƙafarsa ta kumbura. Na ji ba daɗi, na ce tsautsayi ne, ban sake tunanin abin ba.

Ranar tamu ta kama Asabar. Na hau babur tun da safe, na iske Baba ya sa rigar zuwa coci, har da hula, yana tsaye a gindin mangwaro kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Mai unguwa ya zo da dattawa huɗu da mai ɗauke da turaku. Can sai ga motar Alhaji, kuma wanda ya fara fitowa daga cikinta Malam Maitama ne. Ashe shi ne yanzu mai kula wa Alhaji da gonaki. Ya gaida kowa, ya zo kan Baba ya kau da kai. Ni raina ya ɓaci har ina jin ɗaci a bakina, na ce a zuciyata ga mai juyawa da tsakar rana nan mun gani da idonmu.

Baba ya ce kada in damu, ai Yunis na tafe, kuma shaidar Yunis ta fi ƙarfi tun da tare da shi aka haƙa ramukan dashen.

Muka yi ta jira. Inuwa ta fara tsukewa, mai unguwa ya duba wayarsa sau biyu. Wani daga cikin dattawan ya nuna mini da haɓa, na ɗaga kai, sai ga Kawu can a kan dutsen da ke bayan gonarsa, zaune da manyan 'ya'yansa biyu, suna kallonmu sarai. Baba ya kira shi a waya bai ɗauka ba. Na tattare zani na hau da kaina.

Na same su sun sa kwano a tsakiya an rufe da faifai. Na durƙusa na gaishe shi, don komai haushina ba zan tsaya wa ƙanen uwata a kai ba. Na ce Kawu, ana jiranka, rana ta yi.

"Fibi, ki ce su yi haƙuri, muna cin abinci."

Na ɗauka kunnena ne. Na miƙa hannu na ɗaga faifan. Kwanon a bushe yake ƙayau, ko alamar miya babu, sai tururuwa ɗaya tana zagaya baki. 'Ya'yansa suka sunkuyar da kai, ƙattin banza masu gemu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na tuna masa mangwaron yayarsa ne, na tuna masa ita ta goya shi, na tuna masa goron da suka ci. Na ce ko kunyar kabarinta ba ya ji. Ya bar ni na gama tas, yana kakkaɓe ƙasa daga wandonsa.

"Wa kike tsammani ya koya mini?" ya ce. "Ranar Maitama a nan muka zauna ni da ubanki, a kan dutsen nan, da kwanon nan. Shi ya ce mutumin Japan ɗin ya fi kowa wayo, don bai rasa ko mutum ɗaya ba."

Ya ƙara da cewa Alhaji ya aiko masa tun shekaranjiya, in ya zauna a inda yake ba za a taɓa tasa gonar ba. Haka ma aka yi wa Baba alkawari a wancan karon.

Ina tsaye a nan aka kira azahar daga masallacin bakin hanya. Daga saman dutsen komai ana gani. Na ga Malam Maitama ya taka a hankali ya wuce mangwaro na farko, ya wuce na biyar, ya wuce na goma sha ɗaya, ya ƙara taku uku ya sa ƙafa. Bai ko duba ƙasa ba. Aka kafa turken, ƙarar dukan tana iso ni a makare. Haushin da nake ji nasa ya tafi, sai wata ƙyama ta kama ni, ta su duka ukun, da jawabinsu da goronsu.

Da yamma Baba ya zauna a tsakar gida bai cire rigar cocin ba. Ban yi masa maganar fansho ba, na dai ajiye masa ruwa na tambaye shi, shi mutumin nan mai cin abinci, me ya same shi bayan yaƙi. Ya ce wanda ya ci yaƙin bai cika alkawarin da ya yi musu a ɓoye na barin ƙasarsu ba, ya yanke ƙasar gidansu ya bar musu kusan kashi ɗaya cikin uku. Na ce ashe wannan ɓangaren bai karanta wa Kawu ba. Ya ce shi ma sai yau ya tuna da shi. Shekara talatin da ɗaya yana koyarwa, wai sai yau.

Washegari ban je coci ba, na je gona. Yaran Alhaji sun riga sun shafa wa bishiyoyin jan fenti, alamar za a sare su, don tarakta ba ta son inuwa. Sun fara fure. Na zauna a gindin wadda Mama ta fi so, mai zaƙin nan da take hana mu tsinka ɗanye, na yi kukana ni kaɗai.

Da na dawo na iske Baba ya wanke fuska, idonsa ya yi haske irin na lokacin da zai fara darasi. Ya ce ya yi tunani. Alhaji ba zai bar gonar Yunis ba, kowa ya sani, kuma yanzu duk ƙauyen nan babu wanda ya san iyakar Yunis kamar shi, sai kuma ni da na taso ina kai musu abinci can. In muka riga kowa zuwa Dandume muka ce za mu taka masa ita inda yake so, ba mamaki ya bar mana mangwaron.

"Ko da guda biyar ne, Fibi," ya ce. "Har da mai zaƙin."

Na tsaya ina kallonsa, tsoho da furfura da littafi ɗaure da roba a cinya. Yawu ya taru a bakina kamar yadda yake taruwa ina yarinya, na juya zan tofar. Sai na tuna jan fentin nan, na tuna an ce ranar Laraba mai injin yanka zai zo. Na haɗiye abina.

Na tambaye shi ƙarfe nawa motar farko ta Dandume take tashi, sannan na shiga ɗaki na ɗauko takalmina.