Akwatin da Ya Zo Daga Jamus

Ranar da labarin ya iske Atika, tana lambunta na bakin tafkin Madarumfa, tana ban ruwan tumatir. Rana ba ta yi zafi ba tukuna. Ta ji moto, wato babur, ya tsaya a kan hanya, ta ɗaga kai sai ta ga ɗanta Hamza, wanda ya kamata a ce yana shagonsa a Ɗan Issa a wannan lokaci. Ko kafe moton bai yi ba, ya bar shi ya kwanta cikin yashi.

Ya durƙusa a bakin fangali ya ce, "Inna, an yi waya daga Jamus. Allah ya yi wa Yaya Sa'adatu rasuwa jiya."

Ta yi innalillahi. Ta tambaye shi abin da ya same ta. Ya ce jini ne ya daskare ya toshe mata huhu, kwananta biyu a asibiti, kuma Musulmin garin za su yi mata sutura a can. Atika ta dubi bokitin da ke hannunta, saura rabi. Ta juye shi a gindin tumatir, ta ɗebo wani ta ƙarasa layin, sannan ta bi Hamza gida.

Ba ta yi kuka gaban mutane ba. Sa'adatu ɗiyar fari ce, kuma Atika ta tashi inda uwa ke kunyar ɗan fari. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ba ta taɓa yabonta a bainar jama'a ba, ko lokacin da ta fi kowa a lakwal, makarantar boko, ko lokacin da ta samu bursu, tallafin karatu, ta tafi Yamai, daga can ta wuce Jamus. In an tambaye ta aikin da yarinyar ke yi, sai ta ce, "Ku tambayi ubanninta." Mutanen unguwa dai sun riƙe kalma ɗaya, nukiliya, kuma kowa da abin da ya fahimta da ita.

Bayan mako uku akwatin ya iso. Abokan aikinta ne suka haɗa kayanta suka aiko, ya bi ta Yamai, ya bi ta Maraɗi, Hamza ya ɗauko shi a tasha. Baƙi ne, babba, an naɗe shi da leda. Bai wuce zaure ba.

Garba ne ya tsayar da shi, wan marigayi mijin Atika, wanda gidan ke hannunsa. A ƙuruciyarsa ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙin babbar mota a arewacin ƙasar, inda ake haƙo ƙarfen nan na uraniyom. Ya sha ba da labarin abokansa biyu da suka dawo gida suna tari suka rame har suka mutu, kuma babu wanda ya isa ya raba shi da cewa ƙurar wurin ce.

"Yarinya lafiya lau, sai a ce huhu," in ji shi. "Na san wannan ciwon. Abin yana bin tufafi, yana bin takarda. Akwai jikoki a gidan nan. Ba za a buɗe shi ba."

Hamza ya kunna masa saƙon murya da wata abokiyar aikinta ta aiko da Faransanci, ya fassara masa cewa ciwon ba shi da alaƙa da aikin. Garba ya saurara har ƙarshe.

"To da mi kake so su ce? Su ce mu muka kashe ta?"

Ya sa aka kai akwatin tsohon rumbun da ke bayan gida, aka rufe. Ya ce a bari a yi sadakar arba'in, washegari zai kai shi daji da kansa ya haƙa rami mai zurfi, nesa da tafki, nesa da gonaki. Atika na tsaye a bakin madafa. Ba a san uwa da jayayya a kan kayan ɗan fari ba.

Amma daga ranar zama ya gagare ta. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake sharewa. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Ta tafi lambu, kafin ta cika bokiti uku sai ta ga ƙafafunta sun juyo da ita gida. Kullum sai ta samu dalilin bi ta bayan rumbu: neman kaza, ɗebo kara, duba akuya. Ba ta ga gawa ba, ba ta san inda kabarin yake ba. Abin da ya rage na yarinyar a duniyar da Atika za ta iya taɓawa yana cikin wannan rumbu, kuma kwanaki na ta raguwa.

Maƙwabciyarta Hajiya Kulu ta shigo wata hantsi da ƙwaryar fura, ta zauna a kan tabarma.

"Ki yi haƙuri, Atika. Malam Garba ya yi daidai. Ni fa na ji an ce bom suke haɗawa a can. Allah dai ya yafe mata."

"Wa ya ce?"

"Ana dai faɗi."

"Wa ke faɗin?"

Hajiya Kulu ta gyara lulluɓinta. "Ke ma ai ba ki san abin da take yi ba. Ko kin sani?"

Da Hajiya ta fita, Atika ta bar furar a nan ta shiga ɗaki, ta fito, ta sake shiga. Gaskiyar ita ce ta sani, ko da kaɗan ne. Ta ji da kunnenta, sai dai ta ji ne a sace.

Zuwan Sa'adatu na ƙarshe, bayan kaka ne, shekara biyu da suka wuce. Nana matar Hamza ta tsare ta a tsakar gida tana tsokana.

"Yaya, ke dai faɗa mana gaskiya. Duk karatun nan, mi kike yi? Ko shara kike musu?"

Sa'adatu ta yi dariya ta ce a miƙo mata ƙwaryar wake. Atika na gefe ta juya musu baya tana tankaɗe, kamar ba ta ji.

Sa'adatu ta ce duk abin da ke duniya, dutse ne, ruwa ne, naman jikin mutum ne, da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido bai isa ya gani ba. Kowace ƙwaya tana da cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai wasu ƙanana, ana ce musu furoton da nutron. Su take son ta san girmansu da abin da ke cikinsu.

"Abin da ba a gani, ta ina za ki auna shi?" in ji Nana.

Sai ta sa Nana ta rufe ido. Ta kife turmi a tsakiyar fili, ta koma baya, ta dinga jifansa da wake, hannu bayan hannu. Sannan ta ɗauke turmin ta ɓoye, ta ce Nana ta buɗe ido ta duba ƙasa. Wake ya watsu dama da hagu, wani ya dawo baya, amma akwai wani wuri fayau da ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗa ba. Nana ta zagaya ta ce ai wani abu ne mai faɗin kamu ɗaya ya tsaya a nan. Sa'adatu ta ce to aikinta ke nan. Su wakensu shi ne ƴan mitsi-mitsin abubuwan da ke gudu cikin wayar kuran, wato wutar lantarki, ana ce musu elektaron. Akwai inji mai tsawo da ke cilla su da ƙarfi, su bugi abin da aka ajiye, su watse, wasu na'urori su ƙirga inda kowanne ya faɗa. In an ƙara ƙarfin jifa, har abin da ke can cikin furoton ɗin ana gane shi, kamar ka jefi kwando ka ji wani waken ya dawo don ya ci karo da dutse a ciki.

"Mi kuke jifa?" in ji Nana.

"Ni dai abin da nake jifa yana cikin ruwan tafkin nan. Wani lokaci kuma irin abin da ke cikin gawayi. In inji na aiki ma ba mai shiga wurin, muna wani ɗaki bayan katanga mai kauri muna ƙirga."

A nan ne Atika ta yi magana, ba tare da ta juyo ba. Ta ce, "A gaya wa yarinyar nan wake ba abin wasa ba ne." Kaji suka taru a kan abin da ya fi ƙarfin tsincewa. Iyakar abin da ta taɓa cewa a kan aikin ɗiyarta ke nan.

An yi sadakar arba'in, an raba waina, malamai sun yi addu'a sun watse. Washegari da safe Garba ya ɗaura jaki a amalanke, ya ɗora shebur da diga. Ya shiga ɗakinsa neman makullin rumbu. Da ya fito sai ya tarar da Atika tsaye a tsakiyar fili, ƙwarya a hannunta, wake warwatse a ƙasa. Hamza da Nana na bakin ƙofarsu. Hajiya Kulu ma ta leƙo ta kan katanga.

"Yaya," in ji Atika, "ka duba ƙasan nan. Mi ya tsaya a nan?"

"Atika, rana na yi."

"Ka duba dai. Kai da ke gane sawun mota a cikin yashi."

Ya yi tsaki a hankali, amma ya sunkuya. Ya bi waken da ido, ya zagaya wurin da babu ko ƙwaya, ya auna da ƙafarsa.

"Wani abu mai kewaye. Turmi ne ko tulu. Turmi, don tulu da ya fi haka faɗi."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"To aikin Sa'adatu ke nan."

Nana ta rufe bakinta da gefen zane. Babu wanda ya taɓa jin wannan suna daga bakin Atika, ita kanta sai da ta ji shi baƙo a harshenta. Amma da ya fita sai sauran maganar ta biyo. Ta faɗi ƙwayoyin, ta faɗi injin, ta faɗi katanga mai kauri. Sunayen sun kuɓuce mata, ta ce "furo wani abu", Hamza ya gyara mata. Ta ce ba bom ba ne, ta faɗa tana duban katangar Hajiya Kulu.

Garba ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. "To ƙarfen da ake haƙowa fa? Ina yake shiga?"

"Ba ta ambaci ƙarfe ba. Ta ce abin da ke cikin ruwan tafki take jifa, da na gawayi."

"Ita ta gaya miki?"

"Da Nana take magana. Ni ina tankaɗe."

Garba ya sake duban waken. Ya dubi ɗakin da jikokinsa ke ciki. Sannan ya ce shi fa bai san injin Turawa ba, kuma abin da ya gani da idonsa a arewa ba zai manta da shi don wake ba. Akwatin ba zai shiga gidan nan ba. Amma in ta ga za ta iya, ta kai shi bukkar lambunta ta buɗe, kada yaro ya je wurin.

Shi ya ja jakin har bakin tafki. Ya sauke akwatin a ƙofar bukka, ya koma can gindin darbejiya ya tsaya, shebur a hannunsa. Atika ta yanke ledar da wuƙar lambu, ta ɓalle makullin da diga.

Rigunan sanyi ne a sama, sai sallaya, sai takalma. Sai kaye, littattafan rubutu, guda bakwai cike da rubutun hannu da zane-zane, layuka masu lanƙwasa da ɗige-ɗige kamar an watsa gero a kan takarda. A ƙasa akwai turmin atamfa sabo ba a ɗinka ba, an liƙa masa ƴar takarda. A kusurwa kuma gwangwanin da ita Atika ta cika da daddawa ta ba Nana ta ba yarinyar ranar tafiya. Ta buɗe. An ci fiye da rabi.

Iska ta kwashi warin. Daga gindin darbejiya Garba ya ce, "Wannan kam na san ko mene ne."

Bai matso ba. Ya ɗora shebur a amalanke ya juya jakinsa. Atika ta zauna a ƙasa, gwangwanin a cinyarta, ta yi kukan da ta riƙe kwana arba'in da ɗaya. Da yamma ta kai wa Hamza ƴar takardar. Ya karanta ya ce an rubuta "Inna".

Akwatin na nan a bukkar har yau, bisa duwatsu huɗu saboda gara. Garba bai canja magana ba, ita ma ba ta sake roƙonsa ba. Atamfar ma ba ta ɗinka ba. Wani lokaci takan buɗe kaye ɗaya ta kalli ɗige-ɗigen, ba ta iya karanta ko harafi.

Kowace safiya kafin ta tafi lambu, in za ta ba kaji tsaba, sai ta kife turmi a tsakar gida ta koma baya taku biyar ta watsa masa. Takan tsaya ta duba inda ƙwayoyin suka faɗa da inda ba su faɗa ba, sannan ta buɗe akurki.